Arthur Eddington, Mutumin da ya Auna Taurari da Rana Tsaka

Duk yaron da ya taɓa sakin guga a rijiya ya san abin da aka saki ƙasa ya ke nufa. Masana suna kiran abin da ke jawo shi ƙarfin ja. Sun kuwa gane ƙarfin nan ne ke riƙe da wata kada ya rabu da duniya, shi ne kuma ke riƙe da duniya tana kewaya rana kamar akuya a turke. Amma akwai wata tambaya wadda ta dami masana fiye da shekara 200. Da rana za ta gusa daga wurinta farat ɗaya, nan take duniya za ta ji, ko kuwa sai labari ya yi tafiya ya iso tukuna? A wannan wata za mu ba da labarin wani mutumin Ingila wanda ya sa hannu cikin warware wannan tambaya, har aikin ya kawo shi wani tsibiri kudu da Nijeriya. Sunansa Arthur Stanley Eddington.

An haife shi ran 28 ga Disamba, 1882, a garin Kendal, arewacin Ingila. Iyayensa 'yan wata ƙungiyar Kirista ne da a ke kira Jama'ar Abokai. Mutanen nan ba su da fasto. Sukan taru su zauna shiru cikin sujada har wani ya ji an ba shi abin faɗi. Ba su rantsuwa, ba su kuwa ɗaukar makami ko a kan wane ne. Mai karatu ya riƙe wannan, gama zai zama babban al'amari nan gaba. Ubansa shugaban makaranta ne, amma zazzaɓin taifot ya ɗauke shi cikin 1884, yaron bai cika shekara 2 ba. Uwarsa ta kwashe shi da yayarsa Winifred suka koma wani gari a bakin teku, ta goye su da ɗan abin da ke hannunta.

Tun yana ƙarami ƙidaya ta shiga ransa. A kan ba da labari cewa ya taɓa ƙoƙarin ƙirga taurarin sama. Cikin 1898, bai cika shekara 16 ba, ya ci kyautar karatu zuwa kwaleji a Mancesta. Cikin 1902 ya wuce Jami'ar Kambirij, cikin 1904 kuwa ya zo na ɗaya a babbar jarrabawar lissafi, shi ne mutum na fari da ya yi haka cikin shekararsa ta 2 kaɗai. Ya kama aiki a gidan nazarin taurari na Sarkin Ingila a Girinic cikin 1906. Kada a ɗauka aikin duba ne. Mutanen nan ba su faɗa wa kowa sa'arsa. Awo su ke yi, na nisan taurari da nauyinsu da tafiyarsu. Cikin 1913 aka ba shi kujerar babban malamin ilmin taurari a Kambirij, shekara ta biye aka danƙa masa gidan nazarin taurari na jami'ar. Nan ya zauna da uwarsa da yayarsa. Bai yi aure ba. Mutum ne mai kunya ƙwarai, marar yawan magana, abin shaƙatawarsa shi ne ya hau keke ya yi doguwar tafiya.

Yanzu sai mu koma baya kaɗan domin a gane rigimar da ya tarar. Cikin 1687 Ishaku Newton ya fitar da lissafin ƙarfin ja. Lissafin nan ya yi aiki har abin mamaki, da shi a ke faɗin inda wata da taurari masu yawo za su kasance shekaru da yawa kafin lokacin. Amma a cikinsa ja ba ya tafiya. Ko mene ne nisan, nan take ya ke kamawa. Newton kansa hankalinsa bai kwanta da wannan ba, har ya rubuta wa wani malamin ekklesiya, Richard Bentley, cewa bai yarda wani abu zai taɓa wani daga nesa ba tare da wani abin da ke tsakaninsu ba. Cikin 1805 wani masani na Faransa, Laplace, ya gwada ba ƙarfin ja sauri. Ya ce in ja yana makara a hanya, ai zai riƙa jan duniya zuwa inda rana ta ke ɗazu, ba inda ta ke yanzu ba, da haka tafiyar wata da ta duniya za su lalace. Da ya ke ba su lalace ba, lissafinsa ya ba shi cewa ja ya fi haske sauri aƙalla sau miliyan 7. Aka bar maganar nan kusan shekara 100.

Sa'an nan cikin 1905 wani saurayi Bayahude haifaffen Jamus, Albert Einstein, ya nuna cewa babu labarin da zai iya wuce haske gudu. Kowa ya san sauti yana makara. In ka hango mace tana daka a hayin fadamar Kalgo, za ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji bugun turmi. Haske ma yana makara, sai dai gudunsa mil 186,000 ne cikin daƙiƙa 1, watau kilomita 300,000. Daga rana zuwa nan mil miliyan 93 ne, haske kan yi minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya. To, in babu abin da ya fi haske, ina za a kai jan Newton wanda ba ya ɓata ko ƙiftawar ido?

Einstein ya yi shekaru yana fama da wannan, sai cikin Nuwamba 1915 ya gama. Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda za mu iya faɗinsa ba tare da lissafi ba. A ce mata 4 sun kama zane sun ja shi ya miƙe, aka aza kabewa a tsaka. Zanen zai lotsa. In ka gangara goro a gefe, zai karkata wajen kabewa, ba don kabewa ta miƙa hannu ba, sai don hanyar ce ta lanƙwashe. Haka rana ta ke lanƙwasa sarari, har da lokaci, duniya kuwa tana bin lanƙwasar. In kuma aka girgiza kabewar, girgizar za ta bi zanen ta kai hannun matan bayan ɗan lokaci. Lissafin Einstein ya ce girgizar sarari da gudun haske ta ke tafiya.

Amma a lokacin nan Ingila da Jamus suna cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin nan da sojojin ƙasarmu suka yi a Kamaru da Afirka ta Gabas. Einstein yana Balin, babban birnin abokan gaba. An yanke wasiƙa tsakanin ƙasashen biyu, waɗansu masanan Ingila har suna cewa kada a ƙara ma'amala da masanan Jamus ko bayan yaƙi. Eddington ya ƙi wannan magana a fili. Cikin 1916 wani masani na Holan, Willem de Sitter, ya aiko masa da labarin aikin Einstein. Ya karanta, ya gane, gama yana cikin 'yan kaɗan da lissafinsu ya kai. Cikin 1918 ya buga bayanin farko na wannan koyarwa da Turancin Ingila.

Shekaran nan kuma aka kira shi soja. Da fari jami'a ta roƙa aka bar shi saboda aikinsa, amma cikin 1918 aka sake ta da maganar, ya tsaya gaban masu shari'a a Kambirij. Da ya yi shiru ya fake da aikin jami'a, da ya fi masa sauƙi. Bai yi haka ba. Ya gaya musu cewa bangaskiyarsa ce ta hana shi kisa, a shirye ya ke ya ɗauki masu rauni ko ya yi aikin gona, amma bindiga ba zai riƙe ba. Da yawa masu irin wannan ra'ayi suna kurkuku a lokacin. Sai Frank Dyson, babban masanin taurari na Sarki, ya rubuta cewa akwai husufin rana yana zuwa wanda ba mai iya aunawa kamar Eddington. Aka ɗaga masa wata 12, da sharaɗin ya yi aikin. Kafin wa'adin ya cika yaƙi ya ƙare.

Me ya haɗa husufi da wannan magana? In rana tana lanƙwasa sarari, hasken tauraron da ya ratsa ta gefenta dole ya karkata, sai a ga tauraron ya ɗan gusa daga wurinsa. Amma wa zai ga tauraro a gefen rana? Sai in wata ya rufe ta sarai, kamar yadda ya faru ran 29 ga Maris, 2006, sa'ad da duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, a Gwandu da Kalgo kuwa ɗan gefen rana kaɗai ya rage. Manoma sun sani Kaza da 'Ya'yanta takan ɓace a goshin damina, gama rana ce ta ke kusa da ita. Dyson ya lura cewa ran 29 ga Mayu, 1919, rana za ta kasance a tsakiyar wani gungun taurari masu haske kusa da Kazar nan. Da wuya a sami dama irin wannan.

Gusawar da a ke nema ƙarama ce ƙwarai. Bisa ga Einstein, kusan kamar mutum ne ya tsaya a Kalgo yana auna faɗin tafin hannun wani a Birnin Kebbi. Bisa ga tsohon lissafin Newton, rabin wannan ne.

Cikin Maris 1919 suka tashi daga Libaful. Mutum 2 suka nufi Sobral a Barazil. Eddington da wani gwanin agogo, Edwin Cottingham, suka nufi Firinsipe, wani tsibiri na koko wanda a lokacin ya ke hannun Fotugal, kimanin kilomita 1,200 kudu da Gwandu. Zamanin Sarkin Gwandu Usman ke nan. Suka isa ran 23 ga Afrilu, suka kafa madubin hangen nesa a wata gonar koko mai suna Sundi. Eddington ya san abin da girgije kan yi, gama cikin 1912 ya je Barazil domin husufi ruwa ya hana shi ganin kome. Ran 29 ga Mayu kuwa gari ya waye da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen tsakar rana ruwan ya ɗauke, amma girgije bai tafi ba. Duhu ya sauko bayan ƙarfe 2, ya yi kamar minti 5. Suka ɗauki hoto 16 ta cikin girgije, ba su san ko sun kama wani abu ba. Da aka wanke, 2 kaɗai suka nuna taurari isassu. Awonsu ya faɗi kusa da na Einstein. Hotunan Sobral na madubi ɗaya sun fi kyau, su ma wajen Einstein suka nuna.

Ran 6 ga Nuwamba, 1919, aka sanar a babban taron masana a Landan. Kashegari sunan Einstein ya cika jaridu. Abin da ya fi faranta wa Eddington rai, shekara 1 bayan yaƙi mutanen Ingila sun sha wahalar teku domin su tabbatar da aikin mutumin Balin.

Akwai magana a kan wannan awo, bai kamata mu ɓoye ta ba. A Sobral akwai madubi na biyu wanda hotunansa suka fito dishi-dishi, suka ba da awo kusa da na Newton, aka ajiye su gefe. Daga baya waɗansu suka ce Eddington ya zaɓi abin da ransa ke so. Gaskiya ne ransa yana tare da Einstein. Amma hotunan Sobral a Girinic aka auna su ƙarƙashin Dyson, ba a hannun Eddington ba, cikin 1979 kuwa da aka sake auna su da na'urori na zamani, su ma suka koma wajen Einstein. Awon da aka yi ta yi tun daga nan yawancinsu sun tabbatar da shi.

Husufin ya nuna sarari yana lanƙwashewa, amma bai auna saurin ja ba. A nan ne Eddington ya yi aikin da mutane ba su cika sani ba, a ganinmu kuwa ya kai na Firinsipe daraja. Einstein ya rubuta a kan girgizar sarari cikin 1916 da 1918, lissafin ya fitar da girgiza iri 3. Cikin 1922 Eddington ya zauna ya bi su ɗaya ɗaya. Ya tarar 2 daga ciki ba su da tsayayyen sauri, kowane gudu ka so sai su ba ka, gwargwadon yadda ka ja layukan awonka. Misalinsu kamar mai awon gona ne wanda igiyar awonsa ke rawa, sai ya ce gonar ce ke motsi. Har ya yi musu ba'a cewa da gudun tunani su ke tafiya. Waɗansu suka ɗauki ba'ar nan suka ce Eddington bai yarda da girgizar sarari ba sam. Ba haka ba ne. Ta ukun, ya nuna ko ta yaya ka ja layukanka da gudun haske ta ke tafiya, tana kuma ɗauke da ƙarfi na gaske. Cikin aikin nan har ya gyara wani kuskure a lissafin Einstein, inda amsar ta fito rabin abin da ya kamata.

Damuwar Laplace fa? Koyarwar Einstein ta amsa ta. Ayarin da ke bin hanya ɗaya da tafiya ɗaya, mai jiransa ya san zangon da ya ke yau ko manzo bai zo ba. Sai in madugu ya sake hanya ne a ke bukatar labari. Haka lanƙwasar sarari ta ke tafiya tare da rana muddin tafiyarta ba ta sake ba, don haka jan yana nuna kusan daidai inda rana ta ke yanzu. Sakewar tafiya ce kaɗai labarinta ke makara.

Sauran aikinsa yawancinsa a kan cikin taurari ne. Cikin 1920 ya ce mai yiwuwa wutar rana daga haɗuwar ƙwayoyin haidurojin ta ke fitowa, aka tabbatar da haka kusan shekara 20 daga baya. Cikin 1930 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar girmamawa. Bai bar taron sujada na Abokai ba har ƙarshen ransa. Cikin 1929 ya yi musu jawabi a Landan a kan ilmin kimiyya da abin da ido ba ya gani. Ko da shi ke mai bi ne, kullum yana ƙin a kafa bangaskiya bisa abin da masana suka gano, gama ya sani abin da suka gano bana a kan gyara shi baɗi.

Yana da nasa laifi, babba kuwa. Cikin Janairu 1935 wani saurayi Ba'indiye mai shekara 24, Chandrasekhar, ya nuna a taron masana a Landan cewa mataccen tauraro in nauyinsa ya wuce wani iyaka ba zai iya tsayawa ba, sai ya yi ta rushewa cikin kansa. Eddington ya gane sarai inda maganar za ta kai, watau tauraro ya matse har haske ma ya kasa fita. Abin ya yi masa muni. Ya tashi a gaban jama'a ya mai da aikin yaron abin dariya, da ya ke kuwa babba ne, ba wanda ya tsaya wa yaron a wurin. Saurayin ne ke da gaskiya, cikin 1983 aka ba shi kyautar Nobel. Wanda ya saurari Bajamushe cikin yaƙi ya kasa sauraron ƙaraminsa cikin salama. Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga wani lissafi da ya ke fata zai haɗa dukan ilmin halitta, amma masana ba su karɓe shi ba. Ya rasu a Kambirij ran 22 ga Nuwamba, 1944, bayan an yi masa aiki a asibiti, yana da shekara 61.

Bai ga an auna saurin ja ba. Cikin 1974 masana 2 a Amurka, Hulse da Taylor, suka gano waɗansu matattun taurari 2 masu kewaya juna, aka ga suna matsowa kusa a hankali daidai gwargwadon ƙarfin da girgizar sarari za ta kwashe musu. Ran 14 ga Satumba, 2015, wata na'ura mai suna LIGO ta ji girgizar kanta. Na'urar tana wuri 2 a Amurka, kowace da hannuwa 2 masu tsawon kilomita 4, girgizar kuwa ta miƙe su ta taƙaita su da abin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ba, nesa ba kusa ba. Abin da ya ta da girgizar, karo ne na baƙaƙen ramuka 2, watau irin taurarin nan da suka rushe har haske ba ya fita, waɗanda Eddington ya ƙi yarda da su cikin 1935. Su ne suka zo suka ba da shaida a kan aikinsa na 1922.

Ran 17 ga Agusta, 2017, aka sami tseren da a ke jira. Waɗansu matattun taurari 2 suka yi karo, kowanne ya fi rana nauyi, amma faɗinsa bai kai nisan Gwandu zuwa Birnin Kebbi ba. Karon ya fitar da girgiza da haske tare. Su biyun suka yi tafiyar kimanin shekara miliyan 130. Na'urorin ƙasa suka ji girgizar, bayan daƙiƙa 1.7 wani tauraron ɗan adam mai suna Fermi ya ga walƙiyar. Ko ɗan ratar nan ma, masana suna gani yawancinta tun daga wurin tashi ne, gama hasken sai da ya ɗan jinkirta kafin ya keto ta cikin tarkacen karon.